Tambayar da Malam Zakiyyu Ya Yi wa Maman Lilian

Jawabin Mika'ilu Tela a taron tunawa da Malam Zakiyyu Abdulsalami, a filin ƙwallon unguwar Dutsen Kura, Minna.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai, wanda Ya ba mu aron Malam Zakiyyu, kuma Ya karɓi abinSa ranar da Ya so.

Ranka ya daɗe Mai Unguwa, Allah Ya ja zamaninka. Allah gafarta Malam, limamin masallacinmu. Fasto, mun gode da ka taso da mutanenka. Wakilin shugaban ƙaramar hukuma, shugaban makarantar da marigayi ya koyar, da tsofaffin abokan aikinsa na ofishin ƙididdiga. Hajiya Barira, mai ɗakin marigayi, wadda saboda ita muka jinkirta wannan taro har ta fita takaba. 'Ya'yansa, Muttaka da Amatullah. Koci Jonah da 'yan wasan Zaratan Dutsen Kura. Iyayenmu mata da ke ƙarƙashin waccan rumfa, da ku matasa da kuka cika bayan raga. Assalamu alaikum.

Ni ne Mika'ilu, tela, mai shagon nan na bakin titi. Da Muttaka ya zo ya ce ni zan yi magana, na ce masa, "Kai, ga masu digiri za su cika fili, me tela zai faɗa?" Ya ce, "Baba Mika, Hajiya ce ta ce kai." Shi ke nan na amsa. Kuma kowa a nan ya san ni ƙwallo ba ta dame ni ba. Lambobin da ke bayan rigunanku ni na ɗinka su, amma har gobe ban gane abin da ake kira satar fage ba. Malam ya bayyana mini da duwatsu, ya bayyana mini da maɓallai, daga baya ya ce, "Mika, koma kan kekenka."

Kafin in shiga zancen abokina, bari in gaya muku abin da ya sa aka ɗora mini wannan aiki, don kada wani ya ce na zagaye shi. Akwai mace ɗaya da ya kamata a ce tana zaune cikinmu, ba ta zauna ba. Hannah, wadda muke kira Maman Lilian, mai sayar da zoɓo da soyayyar doya a gefen filin nan. Tana can waje, bayan katanga, wajen da masu keke napep ke tsayawa. Ta ɗaure kayanta kaf. Gobe da safe yayanta zai zo ya kwashe ta zuwa ƙauyensu can bayan Paiko. Dalili kuwa, tun da Malam ya rasu ake ta raɗe-raɗi a unguwar nan cewa farar ƙafarta ce ta ci shi. In muka watse daga nan ba mu kashe wannan magana ba, gobe za ta bar garin da ta yi aure, ta haihu, ta binne mijinta a cikinsa. Ku riƙe wannan a ranku, zan dawo kanta.

Ni da Zakiyyu tare muka tashi. Kakansa da kakana jirgin ƙasa ne ya kawo su Minna, ɗaya yana aikin layin dogo, ɗaya yana ɗinka wa ma'aikatan kaki. Muna yara ni na fi shi gudu, shi ya fi ni tambaya. In aka aike mu sayen manja, ni in karɓo in juyo, shi yana can yana tambayar mai manja me ya sa na yau ya fi na jiya tsada. Sau da yawa mun sha bulala tare saboda jinkirinsa. Ni na gaji keken babana, shi ya bi boko har ya zama malamin tattalin arziki a sakandare, daga baya aka ɗauke shi ofishin ƙididdiga na jiha.

Ya kasance malamin da ɗalibansa ba sa mantawa, ga su nan da yawa, wasu har da furfura. Ya kasance ma'aikacin da in an tura shi kasuwa ya ji farashin doya, kasuwar yake zuwa da ƙafarsa, ba ya zama a ofis ya ƙirƙira. Abokan aikinsa sun gaya mini sun sha haushinsa a kan wannan, don yana sa su shiga rana. Ya kasance maƙwabcin da in matarka ta fara naƙuda ba ka gari, shi zai nemo mota. Ya kasance mai gardama, wallahi mai gardama ne, ba zan rufe muku ba don ya mutu. Amma ban taɓa jin ya yi gardama don ya kunyata mutum ba. In ka kawo masa hujjar da ta fi tasa, sai ya cire hula ya sosa kai ya ce, "Ka ci ni," yana murna sai ka ce shi ya yi nasara.

Da ya yi ritaya, zaman gida ya ishe shi, shi ma ya ishi Hajiya. Ki yi haƙuri Hajiya, ke kika gaya mini. Sai Muttaka ya sayo masa wani littafi daga Abuja, na Turanci, wanda wasu masana suka rubuta suna duba ƙwallon ƙafa da idon lissafi da na tattalin arziki. Muttaka, ka san abin da ka jawo mana kuwa? Daga littafi ɗaya aka koma biyu, aka koma jaka guda, har Amatullah ta koya masa karanta wasu a waya. Kuma ba a gidansa yake karatun ba. Bencin shagona ya mayar ajinsa. Ina tsakiyar ɗinkin sallah, mutane sun tsaya a kaina, sai in ji, "Mika, tsayar da keken nan ka ji wani abu!"

In ce, "Zakiyyu, ni ina ruwana da ƙwallon Turawa?"

Ya ce, "Ba ƙwallo ba ce, mutane ne. Saurara."

Sai ya karanta, ya juya mini da Hausa. A nan na ji cewa masu binciken sun duba wasanni masu ɗimbin yawa, sun ga bugun kwana da ake tashi tsaye ana ihu a kansa, mafi yawansa ba ya haifar da komai. Malam ya ce muna ihu ne don mun tuna ranar da aka ci da kwana, mun manta duk ranakun da aka buga ta tafi a banza. A nan na ji cewa in ka duba shekaru da yawa, ƙungiyar da ta fi kula da biyan haƙƙin 'yan wasanta ita ta fi zama a sama. A nan na ji cewa korar koci bayan an sha kashi a jere yana kama da magani, alhali sau da yawa baƙin kwanakin ne suka zo ƙarshe da kansu. Ya ce kamar mai mura ne da ya sha jiƙo ranar da murar za ta sake shi, sai ya yi ta yabon jiƙon.

Wannan na ƙarshe, Koci Jonah ya san amfaninsa. Shekarar da Zaratan suka yi ta faɗuwa, dattawan ƙungiya suka zauna a ƙofar shagona za su sallame shi. Malam ya ce, "Ku gaya mini abin da ya canza a aikinsa daga bara, da kuka ɗaga shi sama a kafaɗa." Ya ce, "Yaran nan daga gareji da wajen walda suke zuwa fili, cikinsu ba komai, takalmansu sun yage. Abin da kuke kai wa mutumin da ke binne laya a gindin raga, ku saya musu burodi da takalma mu gani." Wasu suka ji haushi, wani ma ya tashi ya kaɗe rigarsa ya tafi. Amma aka gwada. Jonah yana nan har yau, ga shi can yana share ido.

Ya kasance in ya shiga gidan kallo, matasa su ce, "Ga Baba Lissafi nan, yau ba mai jin daɗin ƙwallo." Ƙarya suke yi, sun fi kowa son zuwansa. Ɗan wasa ya buga daga nesa ta wuce saman raga, su yi ta cewa saura kaɗan, shi kuwa ya ce, "Daga can? Da ya miƙa wa na kusa da shi." Su yi masa ca, shi yana dariya. Amma in ƙungiyarsa ta ci, wannan dattijon da ke cewa a yi komai da hankali shi ne farkon wanda zai yi tsalle. Na taɓa ɗinke masa hammatar riga saboda haka.

To, yanzu na dawo kan Maman Lilian.

Abin da wasa ya fara, shekarun baya. 'Yan Maitumbi suka zo nan suka yi mana cin kaca. Ana fita, rai a ɓace, wani daga bayan raga ya hango ta tana haɗa kulolinta, ya ce, "Ku duba, duk ranar da matar nan ta zo sai an ci mu." Aka yi dariya. Wasa na gaba da ta zo, aka sake cin mu. Wannan karon ba a yi dariya ba. Aka fara ce mata ta ja baya da kayanta. Aka koma cewa kada ta tsallaka layin fili. Wata rana wasu marasa kunya suka kifar mata da kula, zoɓo ya malale a ƙasa, tana tsugune tana tsince robobi, mutane na wucewa. Ta daina zuwa. Maganar kuma ba ta tsaya a fili ba, ta bi ta har Fadikpe inda take zaune. Mai shago ba ya so ta zama farkon mai saye da safe. Mace mai 'ya'ya, ba miji, abincinta a kan tirenta.

Ni raina ya ɓaci, na ce wa Malam, "Ka ji sakarcin da yaran nan suke yi? Ƙarya ce tsagwaronta!"

Ya ce, "A'a Mika, ba duka ne ƙarya ba. Ni ma na lura. Yawancin ranakun da ta zo, an ci mu."

Na saki almakashi na dube shi. Na ce, "Zakiyyu, kai ma? Duk karatun nan a nan ya ƙare?"

Ya ce, "Sun ga abu, kuma sun gani daidai. Dalilinsa ne ba su tambaya ba. Rufe shagon nan mu je."

Muka hau keke napep har Fadikpe. Muka same ta a tsakar gida tana feraye doya. Da ta gan mu ta miƙe a tsorace, ta ɗauka wani sabon laifin aka zo da shi. Malam ya gaishe ta, ya tambayi yara, ya zauna a kan turmi. Sannan ya yi mata tambaya ɗaya tak, wadda duk unguwar nan ba wanda ya taɓa yi mata. Ya ce, "Maman Lilian, wace rana kike zuwa filinmu, wace rana kuma ba kya zuwa?"

Ta ce, "Malam, ni ba kullum ina zuwa ba. Keke zai ɗauke ni da kula biyu, zan saya ƙanƙara, zan saya mai. In ƙaramin wasa ne mutane ba ya zuwa, zoɓo zai yi tsami a hannuna. Sai na ji an ce 'yan Maitumbi ko 'yan Bosso za su zo, to ranar ne ina dafawa da yawa."

Jama'a, Malam ya yi dariya har hularsa ta faɗi cikin ɓawon doya. Matar nan ta tsaya tana kallonsa, ta rasa ko kuka za ta yi. Ya ce, "Mika, ka ji? Manyan ƙungiyoyi su ke tara jama'a. Jama'a su ke kawo Maman Lilian. Manyan ƙungiyoyin nan kuma su ke cin mu, don sun fi mu. Ko tana nan ko tana Kaduna sai sun ci mu. Baiwar Allah kasuwarta take bi." Sannan ya daina dariya, ya juya ya ce mata, "An zalunce ki. Ki yi haƙuri." A nan ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka, ni ma na juya ina kallon katanga.

Washegari ya tara 'yan ƙungiya da magoya baya a nan, gindin mangwaron can. Ya yi musu bayani da Hausar da kowa zai gane. Wani ya ce, "Malam, akwai fa abin da boko bai sani ba." Ya ce, "Ƙwarai kuwa, da yawa ma. Amma wannan ya san shi." Wani ya ce to ai magana ce kawai. Malam ya ce a gwada. Ya roƙi Maman Lilian ta riƙa zuwa kowane wasa, babba da ƙarami, abin da ya yi kwantai shi da Hajiya za su ɗauka su kai wa 'yan Islamiyya. Hajiya Barira, Allah Ya saka miki, ba ki taɓa cewa uffan ba. Aka yi kakar wasa guda haka. Ƙananan ƙungiyoyi suka zo muka ci su tana zaune. Manya suka zo suka ci mu tana zaune, kamar yadda suka saba. Shi kuwa ya ɗauko kujerarsa ta roba ya dasa kusa da kularta, nan ya mayar wurin kallonsa, don duk mai son ya faɗa mata magana ya fara haɗa ido da shi.

Muka ɗauka magana ta mutu. Ashe kwanciya ta yi.

Wasan ƙarshe na kakar da ta wuce, Malam ya zauna inda ya saba. Ya sha zoɓonsa, aka ci mu, ya yi gardamarsa, ya tafi gida. Bayan 'yan kwanaki ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gidansa yana alwalar la'asar. Aka kai shi asibiti, kwanansa ya ƙare. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Iyalinsa sun ba ni izini in faɗi abin da shi bai so a yi ta yayatawa ba yana raye. Malam ya daɗe da hawan jini. Shekara da shekaru yana shan magani, Hajiya na tsaye a kansa, likitansa ya sani, ni na sani. Ciwon da ya ɗauki mahaifinsa ke nan. Ajali ne, kuma ta wannan ƙofa ya zo.

Amma ba a yi sadakar bakwai ba sai da aka fara: ai kusa da ita yake zama, ai daga hannunta ya sha. Har mijinta da ya rasu a haɗarin mota tun autarta na goye, an tono shi an ƙara a lissafi. Haba jama'a! Haba! Mutumin da ya tsaya mata yana raye, shi za ku mayar sandar dukanta bayan ya mutu? Wallahi tun da na ji wannan magana barcina bai cika ba. Na yi rashin aboki, sannan ina ji ana jan sunansa cikin abin da ya fi ƙi a duniya. Ciniki ya tsaya mata cak. Yara suna ganinta su canza hanya. Ko gaisuwar mutuwa ba ta iya shiga ta yi wa Hajiya ba, a ƙofar gida ta tsaya ta ba da saƙo ta juya.

Hajiya tana cikin takaba, an ɓoye mata. Da ta fita ta ji, gidan farko da ta taka shi ne na Maman Lilian. Amatullah ce ta raka ta, ita ta ba ni labari. Suka tarar an ɗaɗɗaure kaya a buhuna. Maman Lilian ta tare ƙofa ta durƙusa, ta ce, "Hajiya, kada ki shiga ɗakina. In wani abu ya same ki, za su ce ni ne."

Hajiya ta ce, "Tashi ki ba ni ruwa, ƙishi nake ji."

Ta ce, "Hajiya, don Allah."

Hajiya ta ce, "Hannah, mijina ya sha a hannunki shekara da shekaru yana gode miki. Ba ni ruwa." Ta kawo. Hajiya ta shanye, ta ce a ƙaro. Daga can ta wuto shagona da kanta, ta jaddada saƙon da Muttaka ya kawo, ta ce, "Malam Mika'ilu, ranar taro kai za ka yi magana, kuma ka faɗe ta yadda abokinka zai faɗe ta."

To ni ban iya karatunsa ba, amma na zauna kusa da shi na ga yadda yake yi. Kullum cewa yake, in za ka ƙirga, ka ƙirga har da inda abin bai faru ba. Don haka ina roƙon alfarma. Duk wanda ya san ya sha zoɓon Maman Lilian ko ya ci doyarta a wancan wasan na ƙarshe, ya ɗaga hannu. Kada ku ji kunya, ga nawa. Jonah, ɗaga da kyau. 'Yan wasa, ku da kuke sha kafin ku biya, ina hannuwanku? Yawwa. Yanzu duk wanda ya taɓa sha ko sau ɗaya tun da ta fara zuwa filin nan, shi ma ya ɗaga. Allah gafarta Malam, na gode. Fasto ma. Af, ranka ya daɗe, har da kai? To madalla.

Kada ku sauke tukuna. Ku waiwaya ku dubi juna. Ku dubi bayan raga, ku dubi rumfar mata. Duk waɗannan hannuwa sun karɓa daga hannunta, kuma ga ku nan da ranku da lafiyarku, wasu har sun yi ƙiba. A cikinku an yi aure, an haihu, an ci jarrabawa, an sami aiki, ba wanda ya je ya ce mata ƙafarta ce ta kawo. Mutum ɗaya mai hawan jini Allah Ya kira, shi kaɗai aka ƙirga. Ku sauke, na gode.

Ku matasa, ba na zarginku da mugunta. Na san zafin rashinsa ne, kuma zuciya in ta ji ciwo tana neman wanda za ta kama. Ni ma na nema. Amma kun kira shi Baba, kun ɗauki gawarsa a kafaɗunku har maƙabarta. In kuna son ku yi masa wani abu yau, ba sai kun sa wa gasa sunansa ba. In kun ji an fara wannan magana a majalisa ko a gidan kallo, ku ce, "Tsaya, ka tambayi dalili?" Iyakar abin da ya roƙe ku ke nan tsawon zamansa da ku.

Muttaka, Amatullah, ku saurare ni, ni ne baban da ya rage muku a bakin titi. Mahaifinku bai bar muku gidan bene ba, kun sani. Ya bar muku suna mai kyau da jakar littattafai. Kada ku kulle su a akwati asu ya cinye. Bencin shagona yana nan, na hana kowa ya ɗauke shi. Amatullah, ke kika gaji bakinsa, ki riƙa zuwa kina karanta wa yaran nan, ni zan tsayar da keke ba sai an roƙe ni ba. Hajiya Barira, mu mun yi rashin maƙwabci, ke kin yi rashin abokin zama na shekaru masu yawa. Ba mu da abin da za mu ce miki sai haƙuri. Abin da kika yi a Fadikpe kuwa, mu maza da muke ta surutu a bakin shago ba mu yi shi ba.

Saura abu ɗaya. Jonah, don Allah leƙa bayan katanga ka ce wa Maman Lilian jama'ar Dutsen Kura suna kiranta. A'a, tsaya. Hajiya ta riga ka tashi. Ku ba Hajiya hanya. Ku matsa mana, ku janye wannan benci.

Mu jira su. Ba sauri muke ba.

Ga su nan. Ku da ke bakin ƙofa, ku buɗe sosai. Sannu da zuwa, Maman Lilian. Shigo, taka filin nan da ƙafarki, tsallako layin, ba mai hana ki. Daina rufe fuska, ba ke ce mai jin kunya ba yau. A sa mata kujera kusa da Hajiya. Ranka ya daɗe, ina roƙo a gaban jama'a, matar nan ta zama amanarka, duk wanda ya sake jifanta da wannan magana ya zo ya maimaita a gabanka. Kun ji ya amsa. Allah Ya ƙara maka girma.

Maman Lilian, ba zan tambaye ki a gaban mutane ko za ki kwance kayanki ba. An ɓata miki rai ƙwarai, kuma shawarar taki ce. Abin da zan gaya miki kawai, ranar Asabar za a buɗe sabuwar kaka, 'yan Maitumbi ne za su zo. Sun fi mu, wataƙila su ci mu. Fili zai cika, rana za ta yi zafi, kuma ni da ban san satar fage ba zan ɗauko kujerar abokina in zauna inda yake zama. Ina fata ba ni kaɗai zan zauna a wurin ba.

Na gode wa Mai Unguwa da Liman da Fasto da dukkan manyan baƙi. Na gode wa waɗanda suka kafa rumfuna da iyayenmu mata da suka yi girki. Wanda maganata ta yi wa zafi ya yafe mini, tela ne aka ba lasifika.

Ya Allah, ga bawanKa Zakiyyu ɗan Abdulsalami ya zo gare Ka. Mun shaida bai yarda a zalunci mai rauni a gabansa ba. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haɗa shi da iyayensa a Aljanna. Ka ba Hajiya Barira da 'ya'yanta haƙuri, Ka zama gatansu. Ka sanyaya zuciyar baiwarKa Hannah, Ka buɗa mata kasuwarta. Mu kuma da muka rage, Ka tsare harsunanmu daga ɗora wa bayinKa abin da Kai kaɗai Ka hukunta. Amin.

Allah gafarta Malam, bismillah, a yi mana Fatiha.